Gidan hutu a Kill Devil Hills da rairayin da jirgin sama ya fara tashi a kai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu shirin kama hayar gida a wannan gaɓa suka fi yi. Rabinsu a kan gidan ne da teku, rabi a kan 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka ƙera wancan jirgin, da abin da suka yi a nan tsakanin 1900 da 1911. Mun haɗa su wuri ɗaya domin abu biyu ne suka kawo 'yan'uwan, iska da rairayi, kuma su ne dai za su tsara muku yadda makonku zai kasance.

Ina ne wurin? Wasu na cewa Kitty Hawk, wasu Kill Devil Hills.

Duka biyun suna jihar Arewacin Karolina a Amurka, a kan jerin tsibiran rairayi sirara da ake kira Outer Banks. Tekun Atlantika na gabas, a yamma kuma akwai wani faffaɗan ruwa marar zurfi da ya raba tsibiran da babbar ƙasa. A wurare da yawa faɗin ƙasar bai fi mil ɗaya ba, mutum na iya ganin fitowar rana a kan teku da safe, ya taka da ƙafa ya ga faɗuwarta a kan ɗaya ruwan da yamma.

A 1903 Kitty Hawk ne ƙauyen da ke da gidan waya da tashar duba yanayi, daga can aka buga wayar tangarahun da ta ba da labari, shi ya sa sunansa ya shiga littattafai. Amma tashin kansa an yi shi ne mil 4 kudu da ƙauyen, a gindin wasu tuddan rairayi da ake kira Kill Devil Hills. A lokacin babu gari a wurin. Sai a 1953 aka kafa garin da ya ɗauki sunan tuddan.

Me ya ɗauko masu shagon keke daga Dayton ta jihar Ohio zuwa wannan lungu?

Sun zauna sun lissafa abin da suke bukata: iska mai ƙarfi wadda ba ta yawan yankewa, tudu da za a gangaro daga kai, ƙasa mai laushi da mutum zai faɗa a kai bai karye ba, fili babu itatuwa, da nisa daga 'yan kallo da 'yan jarida. Wilbur ya rubuta wa hukumar yanayi ta Amurka ya karɓi jadawalin ƙarfin iska na tashoshinta, Kitty Hawk na cikin waɗanda ke sama. A Agustan 1900 Joseph Dosher na tashar ya amsa masa, William Tate, wani mai faɗa a ji a ƙauyen, shi ma ya rubuto yana kwatanta filin yana kuma yi musu alkawarin masauki.

Zuwan bai zo da sauƙi ba, don babu gada a lokacin. Wilbur ya hau jirgin ƙasa zuwa Elizabeth City, daga can ya shiga wani tsohon jirgin ruwa mai yoyo, hadari ya tare su a hanya, ya iso a Satumban 1900. A gidan Tate ya sauka, kuma da keken ɗinkin matar gidan, Addie Tate, ya gyara yadin fukafukan jirginsu na farko, marar inji. Da suka gama gwaji suka bar jirgin a kan rairayi, ita kuma ta wanke yadin ta ɗinka wa 'ya'yanta mata riguna da shi.

Jadawalin ya ɗan yaudare su, kuma zai iya yaudarar mai hutu ma. Matsakaicin ƙarfin iska aka rubuta. Abin da ake samu a zahiri shi ne yau tsit, gobe iska mai tumɓuke tanti.

A bakin ruwan da muke wanka ne jirgin ya tashi?

A'a. A wani shimfiɗaɗɗen filin rairayi ne, can ciki da gaɓa, kusa da babban tudun. Yau sai an tsallaka manyan tituna biyu daga bakin ruwa kafin a kai wurin. Abin da ke rikitar da baƙo shi ne hotunan 1903 suna nuna farin rairayi har iya ganin ido, alhali yanzu ciyawa ce da bishiyoyi da gidaje. Dalili biyu ne. Na farko, dogon tudun da ke tsakanin gidaje da teku mutane ne suka tayar da shi a shekarun 1930, da shingen katako da dashen ciyawa, sai ya tare gishiri da ambaliya, tsirrai suka samu damar kamawa a bayansa. Na biyu, babban tudun Kill Devil kansa tafiya yake yi. Tsakanin 1903 da 1928 iska ta matsar da shi kimanin ƙafa 450, wato wajen mita 137, zuwa kudu maso yamma. Sai da aka zuba masa ƙasa aka shuka ciyawa kafin a iya ɗora masa hasumiyar tunawa da su.

Shekara uku suna zuwa ba su da inji. Me suke yi?

Nan ne ainihin aikin yake, kuma shi ne ɓangaren da baƙi suka fi tsallakewa. Kafin su, masu neman tashi sun fi damuwa da fiffike da inji. Su kuwa, da suka ji yadda Bajamushe Otto Lilienthal ya faɗo ya mutu a 1896, sai suka yanke cewa matsalar ita ce sarrafa jirgin bayan ya bar ƙasa. Mai keke ya san abin hawa marar daidaito ba abin tsoro ba ne matuƙar mahayi na da hanyar gyara shi kowane lokaci.

Dabararsu ta farko ita ce murɗa fukafukai. Idan aka ja waya, gefen baya na fiffiken dama ya sauka, na hagu ya ɗaga, sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya samun ɗagawa, jirgin ya karkata. A gaba kuma suka sa wani ƙaramin fiffike da ke ɗaga hancin jirgi ko ya sunkuyar da shi.

Jirgin 1900 faɗinsa ƙafa 17 da 'yan kai ne, mafi yawan lokaci a ɗaure da igiya suka tashe shi kamar jirgin leda na yara, suna auna ja da sikeli. Na 1901 ya kai ƙafa 22, kuma ya ba su kunya: ɗagawar da ya bayar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya nuna ba, ga shi wani lokaci idan aka murɗa don a juya hagu sai ya nufi dama. A wannan zuwan ne kuma, cikin Yuli, sauro ya far musu har suka rasa inda za su sa kansu.

Da suka koma Dayton sai suka daina yarda da alƙaluman da suka gada. Suka ƙera akwatin katako mai tsawon ƙafa 6, bakinsa inci 16 kowane gefe, da fanka a kai ɗaya, suka gwada 'yan ƙananan fukafukai na ƙarfe kusan 200. Nan suka gano cewa dogon fiffike siriri ya fi gajere mai faɗi, kuma wata lamba da kowa ke amfani da ita wajen lissafin matsin iska, 0.005, ta yi yawa, abin da ya fi kusa da daidai shi ne 0.0033.

Jirgin 1902, mai faɗin ƙafa 32, shi ne ya fito daga wannan akwati. Sun sa masa wutsiya biyu a tsaye, a kafe. Ta rage matsalar juyawa baya-baya amma ta haifar da wata: wani lokaci jirgin ya zame ta gefe ya kafa fiffike a rairayi yana juyawa, abin da suka riƙa kira haƙar rijiya. Dalilin shi ne fiffiken da aka murɗa don ya ɗaga yana kuma samun ƙarin turjiyar iska, sai ya ja baya. Maganin da suka samu a farkon Oktoban 1902 shi ne wutsiya guda mai juyawa, wadda aka haɗa wayarta da ta murɗa fiffike, motsi ɗaya ya yi aiki biyu. Da wannan suka yi shawagi tsakanin sau 700 zuwa 1,000, mafi tsawo ƙafa 622 da rabi cikin daƙiƙa 26. Duk jirgin da ke tashi yau yana sarrafa kansa ta waɗannan fuskoki uku ne: karkata, ɗaga hanci, da juya kai.

Da me aka yi jirgin 1903?

Katako da yadi da waya. Faɗinsa ƙafa 40 da inci 4, kimanin mita 12.3, nauyinsa fam 605, wajen kilo 274, ba tare da matuƙi ba. Yadin fari ne na auduga irin alawayyo, ba a ma shafa masa komai ba. Injin mai silinda 4 ne, ƙarfin doki 12, makanikin shagonsu Charlie Taylor ya ƙera shi cikin mako shida da gangar alminiyam don rage nauyi. Ba shi da kafireto irin na mota, man yana ɗigowa ne daga ƙaramin tanki da ke sama, kuma babu hanyar ƙara masa wuta ko ragewa a sama.

Farfela biyu ne a baya, kowace ƙafa 8 da rabi, sarƙa ke juya su daga injin. An harɗe sarƙa ɗaya don farfelolin su juya saɓanin juna, kada su murɗe jirgin gefe guda. Matuƙi yana kwance rub da ciki a kan fiffiken ƙasa, ƙugunsa cikin wani katako mai kama da sirdi. Ya gusa ƙugu dama ko hagu, fukafukai su murɗe, wutsiya ta juya. Da yake injin yana damansa kuma ya fi shi nauyi, an ƙara wa fiffiken dama inci 4.

Babu tayoyi, don taya ba ta tafiya a rairayi. Sun shimfiɗa dogo na katako mai tsawon ƙafa 60, an lulluɓe samansa da ƙarfe, jirgin ya hau wata 'yar amalanke mai gudu a kan hob ɗin keke. Abin da ya fi cinye musu lokaci a wannan kakar shi ne sandunan da ke riƙe farfela, waɗanda suka yi ta tsagewa saboda girgizar inji, har Orville ya koma Dayton ya yo sababbi na tsantsar ƙarfe ya dawo cikin Disamba.

Yaya ranar 17 ga Disamba ta kasance?

Kwana uku kafin nan, ranar 14, sun jefa kwabo Wilbur ya ci. Ya ɗaga hancin jirgin da yawa, ya faɗo bayan daƙiƙa uku da rabi, aka yi gyara. Don haka ranar 17 layin Orville ne. An tashi da sanyi har kududdufai sun daskare, iska daga arewa tana kaɗawa tsakanin mil 20 da 27 a awa. Da ƙarfe 10:35 na safe ya saki wayar da ke riƙe jirgin, Wilbur na gudu a gefe yana tallafe da bakin fiffiken dama. Tashin farko ƙafa 120 ne, mita 37, cikin daƙiƙa 12. Na biyu Wilbur, ƙafa 175. Na uku Orville, ƙafa 200. Na huɗu, wajen tsakar rana, Wilbur ya yi ƙafa 852, mita 260, cikin daƙiƙa 59.

Kada gajartar nisan ta sa ku raina shi. Jirgin yana fuskantar iska ne, gudunsa a ƙasa bai kai mil 7 a awa ba, amma a cikin iska yana yin sama da mil 30. Iskar ce ta sa dogon ƙafa 60 ya isa. Ita ce kuma ta kashe jirgin: suna tsaye suna tattaunawa bayan tashi na huɗu, wata guguwa ta ɗauke shi ta yi ta mirgina shi, bai sake tashi ba har abada. Wayar da suka buga wa mahaifinsu ta isa da kuskure, an rubuta daƙiƙa 57.

Ga mai son ya ɗora abin a kan tarihin gida: shekarar ce Turawan Ingila suka ci Kano, a Fabrairun 1903, kuma shekara 22 bayan haka, a farkon Nuwamban 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

Su kaɗai suka yi aikin?

Ƙira da lissafi nasu ne, amma jirgi mai kilo 274 ba ya ɗaukar kansa a rairayi. Akwai tashar masu ceton jiragen ruwa kusa da sansaninsu, idan suna neman hannu sai su rataya tuta a jikin rumfa. Mutum biyar ne suka shaida tashin: John T. Daniels, Will Dough da Adam Etheridge daga tashar, W. C. Brinkley daga Manteo, da wani saurayi Johnny Moore daga Nags Head. Daniels ne ya matsa robar kyamarar da Orville ya saita, ya ɗauki hoton da duniya ta sani, kuma shi ne jirgin ya mirgina da shi a ciki da ya yi ƙoƙarin riƙe shi.

Daga nan sun bar wurin ke nan? Ina jirgin yake yanzu?

Sun koma wani fili kusa da Dayton a 1904 da 1905, amma sun dawo. A Mayun 1908 suka zo da jirgi mai kujeru biyu, ranar 14 ga watan suka ɗauki makanikinsu Charlie Furnas a matsayin fasinja. A 24 ga Oktoban 1911 Orville ya tsaya a sama minti 9 da daƙiƙa 45 a jirgi marar inji a kan tudun, bajintar da ta kusa shekara goma ba a karya ba. Wilbur ya rasu a 1912, Orville a 1948.

Jirgin asali ba ya nan. Saboda saɓani da cibiyar Smithsonian kan wanda ya fara ƙera jirgin da zai iya tashi, Orville ya tura shi gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928, sai a 1948 ya koma Amurka. Yanzu yana gidan tarihin jiragen sama da ke Washinton. Wanda za ku gani a Kill Devil Hills kwafi ne daidai girman na asali.

Awa nawa za mu ware don ziyarar wurin tunawa?

Awa biyu zuwa uku. Ƙofar tana kan babbar hanya US 158 daidai alamar mil 7.5, ana buɗewa daga 9 na safe zuwa 5 na yamma, manya na biyan kuɗin shiga, yara 'yan ƙasa da 16 kyauta. Ku fara da ɗakin baje koli, sannan ku fita zuwa babban dutsen da aka kafa a 1928 a inda jirgin ya bar dogo. Daga nan akwai duwatsu huɗu masu lamba, kowane a inda tashi ɗaya ya ƙare. Ku taka har na huɗu, kada ku tsaya a na uku: ukun farko suna cunkushe kusa da juna, na huɗun yana can nesa shi kaɗai, ƙafa ce ke fahimtar da mutum bambancin. Akwai kuma rumfuna biyu da aka sake ginawa irin na sansaninsu.

Hasumiyar dutse mai ƙafa 60 tana kan tudu mai ƙafa 90, an buɗe ta a Nuwamban 1932 Orville na wurin. Hawan yana da tsayi kuma babu inuwa, ku je da safe da ruwa a hannu. Ku sa takalmi rufaffe, ku bi dakalin siminti, don ciyawar cike take da ƙarangiya, 'yar'uwar wadda aka sani a jigawa, da wata 'yar ƙaramar ƙaya mai kwanciya a ƙasa da ke huda silifa.

Wane irin gida ya kamata mu kama?

Tituna biyu ne ke bin tsawon garin: NC 12 da ke kusa da teku, da US 158 da ke ciki. Ana kwatance da alamar mil, tallar gida za ta ce MP 8 ko MP 9. Gidan da aka rubuta masa "oceanfront" yana kan tudun gaɓa, ba titi tsakaninsa da ruwa, shi ya fi tsada, shi ya fi shan iska da gishiri. Wanda ke tsakanin titunan biyu ya fi sauƙi, tafiyar minti biyar zuwa goma ce zuwa rairayi, titi ɗaya kawai za a tsallaka. Wanda ke yamma da US 158 shi ne mafi araha, amma hanyar mai layi biyar ce, ba a tsallaka ta da yara da kujeru a ka. Sai dai mota. Ku tambayi nisan mashigar jama'a mafi kusa da ko tana da wurin ajiye mota, domin ba a bi ta filin wani ko ta kan tudu.

Me ya sa gidajen ke kan dirkoki?

Don ruwa ya wuce ta ƙasa. Ambaliya na zuwa ta fuska biyu, daga teku, ko daga ruwan yamma idan iska ta tura shi ta dawo da shi, kamar yadda aka gani lokacin guguwar Irene a 2011. Ma'anar wannan ga mai haya ita ce matakala: kicin da falo galibi suna bene na sama don a hango teku. Idan da tsoho ko mai ciwon gwiwa, ku nemi gida mai lif ko ɗaki a hawa na farko. Gidan kan ɗan yi rawa idan iska ta yi ƙarfi ko injin wanki na matse kaya, haka aka gina shi.

Abubuwan da suka fi lalacewa guda uku ne. Yawancin gidaje sokawe gare su, ba bututun gari ba, don haka adadin mutanen da aka rubuta a yarjejeniya doka ce, kuma tsumman goge jarirai ko man girki a magudana na toshe shi cikin kwana biyu. Na biyu na'urar sanyaya ɗaki: a bar ƙofar baranda a buɗe, danshin teku ya shiga, a kuma sauke ma'aunin ƙasa sosai, sai bututunta ya yi ƙanƙara ta daina sanyi. Ku kashe ta, ku bar fankarta kaɗai na awa biyu ko uku, ku rufe ƙofofi. Na uku firiji: ranar isowa an cika shi da kayan da ba su da sanyi, yana iya ɗaukar yini guda kafin ya dawo daidai, ba lalacewa ya yi ba. Famfon wanka da ke ƙasan gida kuwa don rairayi aka yi shi, kowa ya wanke ƙafa a nan kafin ya hau.

Yaya kuɗi da yarjejeniya suke?

A bazarar can, daga Yuni zuwa Agusta, mako-mako ake ba da haya, yawanci Asabar zuwa Asabar ko Lahadi zuwa Lahadi. Shiga wajen 4 na yamma, fita 10 na safe. Galibi ana biyan rabi lokacin kamawa, sauran wata guda kafin zuwa. A kan farashin da aka tallata ku ƙara haraji na kashi 12.75 cikin ɗari a gundumar Dare, da kuɗin shara idan ba a haɗa ba. Ku duba ko akwai zanin gado da tawul, gidaje da yawa ba sa bayarwa sai an biya daban. Mayu, Satumba da Oktoba sun fi araha da sarari, kuma a Satumba ruwan na nan da ɗuminsa.

Idan mahaukaciyar guguwa ta zo muna ciki fa?

Lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne, ta fi yawa daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Idan gunduma ta ba da umarnin ficewa, dole ne, kuma baƙi ake fara fitarwa. Dokar hayar gidajen hutu ta jihar ta ce mai haya na da haƙƙin a mayar masa da kuɗin kwanakin da ya rasa, sai dai idan an yi masa tayin inshorar tafiya ya ƙi, ko ya saya, a nan inshorar ce za ta biya. Kusan kowane kamfani na yin wannan tayi, don haka wanda ya ƙi saya ya yafe kuɗinsa ke nan. A watannin nan ku saya. Ku riƙe tankin mota sama da rabi, ku kwashe kayanku duka idan za ku fita, don ba a san ranar da za a buɗe gada ba. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi kuma akwai iskar arewa maso gabas mai kwana biyu ko uku tana bugawa, tana watsa rairayi da ruwa a kan NC 12. Kada ku shiga ruwan da ya kwanta a titi, na gishiri ne, yana cin ƙasan mota.

Ta ina ake zuwa?

Filin jirgin Norfolk a jihar Bajiniya shi ne babba mafi kusa, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota ta hanyar 168 da 158, a tsallaka gadar Wright Memorial mai kusan mil 3. Ranar Asabar ta bazara lokacin na iya ninkawa. Ku tsallaka gadar kafin 9 na safe ku jira a bakin ruwa, ko ku bari sai bayan magariba. Mota dole ce.

Kayan wutarmu za su yi aiki?

Wutar Amurka bolt 120 ce, soket ɗin mai baki biyu ne shafaffu. Cajar waya da ta kwamfuta da aka rubuta musu 100 zuwa 240 adafta kawai suke so. Dutsen guga ko butar lantarki ta 230 ba za ta yi zafin kirki ba, ku bar su a gida.

Tekun na da haɗari ga wanda bai saba ba?

Yana da shi, kuma wanda ya iya iyo a kogi ko dam ya ɗauki kansa sabon shiga. Babban haɗarin shi ne ruwa mai ja zuwa ciki. Raƙuman ruwa na tara ruwa tsakanin gaɓa da wani dandamalin rairayi da ke ƙarƙashin teku, ruwan ya sami gurbi ya fice da gudu, wani lokaci fiye da mita 2 a daƙiƙa. Ya fi ƙarfi lokacin da teku ya janye, da kusa da gadojin kamun kifi. Alamarsa wuri ne da ya yi kamar ya lafa, duhu-duhu, raƙumai na fashewa dama da hagu amma ban da shi, kumfa na tafiya ciki. Wurin da ya fi jan hankalin mai tsoro ke nan, shi ne kuma mafi muni. Idan ya ɗauke ku, kada ku yi kokawa da shi zuwa gaɓa. Ku kwanta a kan ruwa, ku yi iyo ta gefe daidai da gaɓa har ku fita daga jansa, ku ɗaga hannu. Na tudu kada ya faɗa da hannu wofi, ya kira lambar gaggawa 911 ya jefa abin da ke yawo a ruwa.

Masu ceto na aiki daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, ku yi wanka gaban kujerarsu. Jar tuta na nufin haɗari ya yi yawa, kada ku shiga. Wani abin mamaki ga baƙo: iskar kudu maso yamma idan ta yi kwanaki tana kaɗawa, takan kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso, sai a tsakiyar Yuli ruwa ya yi sanyin da ƙafa ke ciwo.

Waɗanne dokoki ne baƙi suka fi karyawa ba da sani ba?

Hawa tudun gaɓa ko cire ciyawarsa. Saiwoyinta ne ke riƙe tudun da ke kare gidan da kuke kwana. Haƙa rami mai zurfi. Rairayi na ruftawa ba gargaɗi, kada rami ya wuce gwiwar ƙaramin yaron da ke wurin, kuma a cike shi kafin a tashi. Kunkurun teku na hawowa yin ƙwai daga Mayu zuwa Agusta, don haka gidan da ke fuskantar ruwa ya kashe fitilun waje da dare, haske na ɓatar da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe. Gasa nama a kan baranda ta katako haramun ne a kusan kowace yarjejeniya, iska na ɗaukar garwashi. Lemar rana a kafa ta da zurfi a karkatar da kanta wajen da iska ke fitowa. Mai shekara 16 zuwa sama na bukatar lasisi kafin ya jefa ƙugiya daga gaɓa, amma a kan gadar kamun kifi ta Avalon ko ta Jennette kuɗin shiga ya wadatar.

Ina alƙibla, kuma yaya batun abinci?

Alƙibla tana wajen digiri 58 daga arewa ta gaskiya, wato arewa maso gabas. A aikace, ku fuskanci teku sosai ku ɗan karkata hagu kaɗan. Naman halal ku saye shi a yankin Norfolk ko Virginia Beach kafin ku tsallako, ku sa a kula da ƙanƙara. Kifi kuwa ba a rasa shi: jatan lande, ƙaguwa, tuna da sauransu na fitowa daga tashar masunta ta Wanchese a tsibirin Roanoke. A gidajen abinci ku tambaya, don ana yawan sa naman alade a miyar kifi da ganye.

Akwai inda mutum zai ɗanɗana abin da suka ji a tudun?

Jockey's Ridge a Nags Head, alamar mil 12. Shi ne tudun rairayi mai motsi mafi tsayi a gaɓar gabashin Amurka, ba ciyawa a kansa, kuma shi ne mafi kama da yadda Kill Devil yake a 1902. An mai da shi gandun jiha a 1975 bayan wata mata, Carolista Baum, ta tsaya gaban katafilar da ta zo rusa shi a 1973. Akwai makarantar koyon shawagi da fiffiken yadi a wurin. Mai koyo na gangarowa da gudu yana fuskantar iska, malami na riƙe da igiya a gefe, ya tashi 'yan ƙafafu sama da rairayi ya sauka. Ana ɗage darasi idan iska ta yi yawa ko ta juya, don haka ku kama rana a farkon makonku, a sami damar sakewa. Da rana tsaka rairayin na ƙona tafin ƙafa, ku je da takalmi, ku hau bayan la'asar, kuma ku sauko da zarar kun ji tsawa, don babu abin da ya fi mutum tsayi a kan tudun.